Sojojin Arewa a Yaƙin Bama

Sojojin Arewa a Yaƙin Bama samari ne da Ingila ta ɗiba daga Kano, Katsina, Zariya da sauran garuruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81, wadda wasunsu ke ciki, ta isa Indiya a 1943, ta fafata da Japan a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Jiragen sama ke jefo musu abinci, su kuwa suna ratsa ƙungurmin daji da kaya a ka. Da Hausa ake ba su umarni. Da yawa ba su dawo gida ba. Sunayen waɗanda ba a ga kaburburansu ba suna sassaƙe a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon.