Girman Jiki da Ƙwaƙwalwar Yaro Daga Ciki Zuwa Balaga

Jiki da ƙwaƙwalwar yaro sun fi saurin girma a lokuta biyu: kwanaki 1,000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2, da kuma shekarun balaga. Abin da yaro ya rasa a lokaci na farko yana da wuyar ramawa daga baya.

Yadda jiki ke girma

Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kusan kilo 3 da tsawon kusan santimita 50. Wanda bai kai kilo 2.5 ba yana buƙatar kulawa ta musamman. Nauyin kan ninka biyu wajen wata 5, ya ninka uku a shekara guda. Shi ya sa ake son a riƙa kai yaro awo, a kuma adana katinsa. Idan layin nauyinsa a katin ya daina hawa, akwai matsala, ko da yaron yana wasa.

Yadda ƙwaƙwalwa ke girma

Ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babba, amma kafin shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Abinci ne ke gina ta, tare da magana da wasa. Uwar da ke yi wa ɗan goye hira tana aiki, da uban da ke amsa gwarancinsa, ƙwaƙwalwarsa suke ginawa.

Abubuwan da ke tauye girma

Babba a cikinsu shi ne tamowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Tsumburewa ba gado ba ce kamar yadda ake yawan zato, kuma tana shafar karatun yaro. Sauran sun haɗa da gudawa a kai a kai, tsutsar ciki, ƙarancin jini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, da shawarar jarirai da aka makara kaiwa asibiti. Gubar dalma ma tana lalata ƙwaƙwalwa: ita ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ana samunta a wasu nau'o'in kwalli, don haka kada a sa wa jariri.

Abin da iyaye za su yi

A ba jariri dakashi, kada a zubar. A ba shi nono zalla, babu ruwa, har wata 6, sannan a ƙara abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kunu tsurarsa bai isa ba. A haɗa da gyaɗa, waken suya, ƙwai, kifi, zogale ko man ja. A yi girki da gishiri mai aidin. A kammala rigakafi, a karɓi bitamin A duk wata 6 daga wata 6 zuwa shekara 5.

Shekarun balaga

Balaga kan fara wa mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, namiji 9 zuwa 14, sai tsawo ya ƙaru da sauri. Yarinyar da ta fara al'ada tana buƙatar abinci mai ƙara jini, kamar hanta, wake da ganyaye. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo bayan aiki, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Wannan ne ke sa saurayi ya yi kama da babba amma yana ganganci. Yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma tiramol, kodin da wiwi sun fi yin ɓarna a wannan lokaci.

Yaushe za a je asibiti?

Ku kai yaro idan bai iya zama ba a wata 9, bai fara tafiya ba a wata 18, ba ya furta kalmomi a shekara 2, ya manta abin da ya riga ya iya, ko ƙafafunsa sun kumbura. Haka nan idan babu alamar balaga ga mace mai shekara 13 ko namiji mai 14. Mazauna Tudun Wada su fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho. Idan da buƙata, za a tura su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa idan matsalar shaye-shaye ce.