Sunayen Manyan 'Yan Kasuwa da Shugabannin Kamfanoni: Ma'ana da Asali

Gabatarwa

A kasuwannin Gurbin Ɓore, Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda, haka kuma a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, kullum ana jin kalmomi irin su attajiri, maigida, manaja, darakta da ciyaman. Sau da yawa ana amfani da su tamkar ma'anarsu ɗaya, alhali kowace tana da asalinta da irin nauyin da take ɗora wa mai ita. Mun ga ya dace mu fayyace su, domin manomi da ke ba da hatsinsa bashi, ko dagaci da jami'in da ke karɓar baƙin kamfani, su san da wa suke hulɗa, da kuma wanda za a tambaya idan alkawari ya karye.

Kalmomin zamanin fatauci

Kafin zuwan Turawa, babban kasuwancin ƙasar Hausa shi ne fatauci, inda ayarin jakuna da takarkarai ke kai tufafi, fata da kanwa zuwa Gwanja a ƙasar Ghana ta yanzu, su dawo da goro. Cikin waɗanda suka shahara a wannan sana'a akwai Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano, da Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu take Gummi a nan Zamfara.

Madugu shi ne shugaban ayari, shi ya sa ake ce masa uban tafiya. Shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi kuma ke raba gardama tsakanin fatake. Ba dukiya kaɗai ke kai mutum ga wannan matsayi ba, sai an tabbatar da saninsa na hanya da riƙon amanarsa. Tarihi ya adana sunan Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya raka Bature mai yawon bincike Eduard Flegel har birnin Balin na Jamus a 1884. Ƙarƙashin madugu akwai jagaba, wato mai ja gaba, wanda ke wucewa ya duba hanya da zango. Wannan kalma ta zama sarauta a wasu masarautu, kamar Jagaban Borgu.

Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Kalmar ta zo daga Barebari, inda "fato" ke nufin gida, don haka ma'anarta ta yi daidai da maigida. Fatoma yana sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, sannan ya tsaya lamuni idan an sayar bashi. Idan mai saye ya gudu, fatoma ne zai biya daga aljihunsa. Har yau a kasuwannin dabbobi irin ta Shinkafi, wannan tsari na tsayawa baƙo bai ɓace ba.

Kalmomin da suka zo daga Larabci

Attajiri ta samo asali daga "at-tajir" ta Larabci, wadda ke nufin mai saye da sayarwa kawai. Hausawa suka haɗa ta da harafin farkonta, suka kuma faɗaɗa ma'anarta har ta koma mai dukiya. Idan dukiyar ta kai matuƙa sai a ce hamshaƙin attajiri. Fitaccen misali shi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da fataucin goro, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya rasu a 1955. Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.

Dillali daga "dallal" take, wato mai nuni ko mai haɗa mai saye da mai sayarwa. La'adar da yake karɓa daga "al-ada" take, ma'ana abin da aka saba bayarwa. Wakili kuwa daga "wakil", wanda aka danƙa wa al'amari ya yi a madadin wani. Ita kanta kasuwa, masana harshe sun nuna cewa daga "suƙ" ta Larabci ta fito, ta biyo ta bakin Barebari a matsayin "kasugu" kafin ta iso Hausa.

Ya kamata a lura da kalmar Alhaji. Ma'anarta wanda ya sauke farali, ba ta da alaƙa da ciniki. Amma da yake a da mai hali ne ke iya biyan kuɗin tafiya, sai jama'a suka riƙa kiran kowane mai kuɗi da ita. Girmamawa ce, ba muƙami ba ce.

Sarautun kasuwa

Akwai kuma shugabannin da sarki ko hakimi ke naɗawa: Sarkin Kasuwa, Sarkin Fawa, Sarkin Shanu, Sarkin Dillalai da Sarkin Zango. Waɗannan ba lallai su ne mafiya dukiya ba. Aikinsu shi ne tsare mudu da ma'auni, sanin baƙon da ya shigo da kaya, da sasanta rikici kafin ya kai gaban alƙali. Ikonsu daga masarauta yake fitowa, ba daga jari ba.

Kalmomin zamanin kamfanoni

Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa a wannan yanki, kalmomin Turanci kuma suka shigo tare da shi. Shagunan Turawa ana kiransu "canteen", daga nan aka samu kanti. Akawu kuwa daga "akowe" ta Yarabanci take, wato marubuci, kamar yadda oga ita ma ta zo daga Yarabanci. Kantoma, wadda a yau ake kiran shugaban riƙo na ƙaramar hukuma da ita, ta fito daga sunan majistaren da ke kula da barikin Turawa.

Kamfani daga Turanci take, amma tushenta Latin ne, kuma yana nufin waɗanda ke cin gurasa tare, wato abokan cin tuwo. Manaja ta samo asali daga wata kalmar Italiyanci mai nufin sarrafa doki da linzami. Manaja ma'aikaci ne da aka ɗauka ya gudanar da reshe ko sashe, yana karɓar albashi, ba lallai yana da ko sisi a jarin ba. Janar Manaja shi ne babba a cikinsu.

Darakta daga kalmar Latin mai nufin miƙar da abu ko daidaita shi take. A doka, darakta shi ne wanda masu hannun jari suka naɗa ya kula da kamfani a madadinsu, kuma dole sunansa ya kasance a rajista. Taron daraktoci shi ake kira hukumar daraktoci. Wanda ke jagorantar zamansu shi ne ciyaman, ma'ana mai kujera, domin a majalisun Ingila na da mai shugabantar taro shi ke zama a kan kujera ta musamman. Manajan Darakta, wanda ake taƙaitawa MD, shi ne daraktan da ke tafiyar da aikin yau da kullum. Wannan salon Ingila ne. Amurkawa kuwa suna cewa CEO, wato Babban Jami'in Gudanarwa, kuma a Nijeriya akan haɗa sunayen biyu ga mutum ɗaya. Ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na ƙasa na 2018 sun tanadi cewa kada mutum ɗaya ya riƙe kujerar ciyaman da ta manajan darakta a lokaci guda, domin ɗaya ya sa ido a kan ɗaya.

Bambancin da ya shafi jama'a

A nan ne tsohon tsari da sabo suka rabu. Madugu da fatoma da kansu da dukiyarsu suke tsayawa, kuma kowa ya san ƙofar gidansu. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa, doka ta ɗauke shi tamkar mutum mai zaman kansa. Bashin da ya ci nasa ne, ba na darakta ba, sai fa idan daraktan ya yi zamba ko ya rubuta cewa ya tsaya lamuni da kansa. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi kam bashin yana wuyansa.

Hukumar da ke rajistar kamfanoni ita ce CAC, wadda aka kafa da dokar kamfanoni ta 1990. An sabunta dokar a 2020, kuma sabuwar ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Saboda haka jin an ce wane darakta ne ba ya nuna girman jarinsa. Ƙungiyoyin gama kai na manoma kuwa a sashen kula da su na gwamnatin jiha ake yi musu rajista.

Shawara

Muna kira ga manoma, masu kiwo da masu riƙe da sarautu cewa, duk wanda ya zo da sunan kamfani yana neman fili, hatsi ko kuɗin taki, a nemi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, waɗanda ana iya bincikawa a hukumar CAC ta intanet. A tambayi muƙaminsa, da takardar da ta ba shi izinin sa hannu, domin wakili ko manajan reshe ba kowace yarjejeniya yake da ikon ƙullawa ba. A rubuta alkawari a gaban shaidu, a kuma sanar da Sarkin Kasuwa ko mai unguwa. Jami'an ƙananan hukumomi su ma su rubuta muƙamin kowa daidai a takardun aiki, kada a sa ciyaman inda ake nufin manaja.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kuma ba mu zaman lafiya.