Daga barometa zuwa kumbon Endeavour: wa ya auna tudunmu?

In ka buɗe Google Earth ka ɗora yatsa bisa Yamai, zai ce ma kana wajen mita 200 sama da teku. Wane teku, mu da ba mu da ko gaɓa? Lambar nan tana da tarihi.

Tsakanin 1906 da 1909, da ayarin Tilho ya bi iyakar Faransa da Ingila daga kogin Isa zuwa tafkin Cadi, da barometa suka riƙa awo: iska tana rage nauyi in ka hau tudu, sai a lissafa. Matsalar ita ce nauyin iska na canzawa da yanayi, wuri ɗaya sai ya ba ka lamba biyu tsakanin safe da marece.

A Fabrairun 2000 kumbon Amurka Endeavour ya yi kwana 11 yana zagaya duniya da eriyar rada biyu, ɗaya cikin kumbon, ɗaya a ƙarshen sanda mai mita 60. Sigina ta sauka ƙasa ta dawo, ratar da ke tsakanin eriyoyin ta nuna tudu da kwari, kamar yadda ido biyu ke gane nisa. SRTM sunan aikin. Sifilinsa kuwa teku ne na lissafi, wanda aka shimfiɗa har ƙarƙashin Ayar. Daga lambobin nan kwamfuta ke zana layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, ta zuba launi da inuwa. (Hausa ta bar mu da "tsayi" guda ga doguwar igiya da dogon dutse, taswira kam dole ta rarrabe.)

Ga abin da ke ci mini rai. Amurka ta ba kanta awo kowane mita 30, sauran duniya mita 90. Sai Satumban 2014 aka saki na 30, aka fara da Afirka. Shekara 14 kenan ƙorama mai faɗin mita 20 tana ɓacewa cikin ɗigo guda. Kuma rada ba ta san rufin ɗaki ko kan itace daga ƙasa ba, kuskurenta kan kai mitoci.

A Bagzan, mai mita 2022, wannan ba komai ba ne. A Lamorde kuwa, inda kogi ya fasa madatsa a Satumban 2020, mita ɗaya ce tsakanin gidan da ya tsaya da wanda ruwa ya ci.