Daga Madubi Zuwa Na'ura: Yadda Aka Koyi Awon Iskar Hanci

Akwai wata irin toshewar hanci da ba mura ke kawo ta ba, ba kuma tsiro ba. Mai ita yakan zauna lafiya lau, amma da zarar ya ja numfashi da ƙarfi sai gefen hancinsa ya lotsa ciki ya tare hanya. Inda ke lotsawar wani ɗan lungu ne kaɗan daga cikin kafar hanci, wurin da guringuntsin gefe ya haɗu da bangon da ya raba kafofin biyu, kuma duk hancin babu inda ya kai shi ƙunci. Iska in ta shiga matsatsi takan ƙara gudu, gudun kuma yana rage ƙarfin da take tokare bango da shi. Idan guringuntsin ya raunana saboda tsufa, ko buguwa, ko tiyatar gyaran hanci, sai ya bi iskar ya rufe. Wani likitan ƙasar Holan mai suna Mink ne ya fara siffanta wannan mashiga a 1903.

Tun kafin nan an fara neman hanyar awon iskar. A 1889 Hendrik Zwaardemaker, shi ma mutumin Holan, ya riƙa kara madubi mai sanyi a ƙarƙashin hanci, ya duba faɗin dishin da hucin kowace kafa ya bari. A 1901 Glatzel na Jamus ya maye madubin da farantin ƙarfe mai zanen ma'auni. Dabara ce mai kyau, ga araha, sai dai a kan wannan cuta makauniya ce. Madubi fitar numfashi yake gani, mashigar kuwa a lokacin shaƙa take rufewa. Lokacin fitarwa iskar da kanta ke buɗe ta, don haka maras lafiya zai iya barin dishi mai faɗi a madubi, a sallame shi a ce ba shi da komai.

Ko dubawa da ido tana da irin wannan tarko. Ƙarfen da likita ke buɗa hanci da shi don ya leƙa, shi ne ke tallafe bangon da ake zargi, sai laifin ya ɓuya muddin ƙarfen na ciki.

A ƙarni na 20 aka koma ga na'urar rinomanometiri, wadda ke auna yawan iskar da ke wucewa da kuma ƙarfin da aka ja ta da shi a lokaci guda. Maurice Cottle, likitan hanci a birnin Shikago, yana cikin waɗanda suka tsaya mata. Kowane asibiti da nasa salon awo, har sai a 1984 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya daidaita a riƙa karanta sakamako a matsin faskal 150. A 1980 Youlten ya gabatar da ƙaramin ma'aunin da ake riƙewa a hannu, wanda ke nuna iyakar iskar da mutum zai iya zuƙa a ja ɗaya. Wannan ya fi kusa da matsalar, domin yana tilasta wa hanci ya yi abin da ke kayar da shi. A 1989 kuma Hilberg da abokan aikinsa a Danmak suka zo da awo da sauti: a aika ƙara cikin hanci, amsa-kuwwarta ta bayyana faɗin kowane lungu. Amma ana yin sa ne mutum ya riƙe numfashi, wato hancin na hutawa.

Abin mamaki, sunan Cottle bai shahara da na'ura ba sai da ɗan yatsa. Gwajin da Heinberg da Kern suka rubuta da sunansa a 1973 bai wuce a ja kunci a hankali zuwa gefe, a tambayi mutum ko numfashi ya sauƙaƙa ba. Shi ma yana da aibu, don masu lafiyayyen hanci da yawa sukan ji sauƙi in an ja musu kunci. Saboda haka kada mai karatu ya gwada a gida ya yanke wa kansa hukunci. Likitoci yanzu sun fi son sa ɗan siririn ƙarfe a ciki su tallafi daidai wurin da suke zargi.

A 2010 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta tara masana a kan wannan cuta, suka amince cewa labarin maras lafiya da binciken likita su ne ginshiƙin gano ta. Shi ya sa wanda ya je asibiti da wannan kuka zai ga likita ya ajiye kayan aikinsa tukuna, ya zuba wa gefen hancin ido, ya ce masa ya ja numfashi a hankali, sannan ya sake ja da ƙarfi.