Yadda ake gano ajiyar bayanan waya da ta ɓace a kwamfutar gida

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Katsina, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin daƙile 'yan bindiga. Jibiya na cikinsu. Daga Magama, inda ake ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, har zuwa mazaɓar Kusa, jama'a sun shafe watanni babu kira, babu intanet. A wannan lokaci ajiyar da waya ke aikawa Google ko iCloud ta tsaya cak, wadda aka riga aka aika kuma babu hanyar sauko da ita. Wanda ya kwafe wayarsa a kwamfutar gida ta hanyar kebul shi ne ke da abin dogaro a hannu idan wayar ta lalace ko aka sace ta.

Ga ɗan kasuwar bakin iyaka, waya ita ce littafin bashi. A cikinta ake samun lambobin abokan ciniki na Najeriya da na Nijar, da hotunan rasit da takardun Kwastam, da saƙonnin murya da aka ƙulla ciniki a kansu, da lissafin canjin Naira da Sefa. Ma'aikacin gwamnati kuma yakan adana hoton takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma a ciki. Shi ya sa hankali ke tashi ranar da aka haɗa sabuwar waya da kwamfuta, manhaja ta nuna babu wata ajiya. Sau da yawa ajiyar tana nan daram a rumbun kwamfutar, manhajar ce kawai ke lalube a wani wuri daban.

Matakin farko: a dakata

Yawancin asarar da ba ta da magani tana aukuwa ne bayan an gano ɓatan, lokacin da ake gaggawar gyara. Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye tun farko.

Kada a haɗa tsohuwar wayar da kwamfutar idan an riga an goge ta ko an yi mata filashin. Manhajar Apple tana ware folda ɗaya ga kowace waya, tana sabunta ta duk lokacin da aka yi sabuwar ajiya. Wayar da ba komai a cikinta tana iya danne ajiyar da ake nema. Idan haɗawar ta zama dole, a fara shiga saitin iTunes, sashen Devices, a hana haɗa bayanai kai tsaye.

Kada a sauke fina-finai ko sababbin manhajoji a kwamfutar. Fayil ɗin da aka goge yakan zauna a rumbu har sai an rubuta wani abu a gurbinsa.

Kada a yarda a sake sanya Windows ko a yi wa kwamfutar fomatin kafin a gama bincike, don gudun kada garin neman gira a rasa ido.

Inda ajiyar iPhone take zama

A kwamfutar Windows wurare biyu ne, kuma wannan rabuwar ce ke rikita mutane da dama. Idan an sauke iTunes daga shafin Apple, ajiyar tana cikin foldar mai amfani da kwamfutar, a jerin AppData\Roaming\Apple Computer\MobileSync\Backup. Foldar AppData a ɓoye take, mai duba foldoji da ido ba zai gan ta ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta %appdata% a akwatin bincike na Windows, a danna Enter.

Idan kuwa an sauke iTunes daga Microsoft Store, ko ana amfani da sabuwar manhajar Apple Devices, ajiyar tana cikin Apple\MobileSync\Backup, kai tsaye a foldar mai amfani. Ana isa can ta rubuta %userprofile%. Mutumin da ya yi ajiya da tsohon iTunes, daga baya aka cire shi aka sa sabuwar manhaja, ya kamata ya duba wuraren biyu. Idan an same ta a wurin da manhajar ba ta dubawa, sai a rufe manhajar, a kwafi foldar ajiyar gaba ɗayanta zuwa ɗaya wurin, sannan a sake buɗewa.

A kwamfutar Mac wurin ɗaya ne: ~/Library/Application Support/MobileSync/Backup. Tun daga macOS Catalina na 2019 Apple ya daina amfani da iTunes a Mac, aikin ajiya ya koma cikin Finder.

Wani abin lura shi ne kowane mai amfani da kwamfuta yana da tasa foldar. A gidan da uba da 'ya'ya ke shiga kwamfuta ɗaya da sunaye daban-daban, ajiyar tana ƙarƙashin sunan da aka shiga da shi ranar da aka yi ta. A buɗe foldar Users a rumbun C, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da aka sayo daga Maraɗi ko Yamai mai Windows na Faransanci tana nuna wannan folda da sunan Utilisateurs.

Yadda ake gane ta

Foldar ajiyar iPhone ba ta ɗauke da sunan mai wayar. Sunanta dogon jeri ne na haruffa da lambobi: guda 40 a tsofaffin wayoyi, ko gajeren jeri mai karan ɗori a tsakiya a wayoyin da suka fito daga 2018. A cikinta akwai tarin ƙananan foldoji masu suna irin 00, 1a da ff, tare da fayiloli irin su Info.plist da Manifest.db. Mutane kan goge ta da hannunsu don neman fili, suna zaton tarkace ce, musamman da yake tana cin wuri mai yawa.

Ana iya buɗe Info.plist da Notepad a ga sunan wayar da ranar ajiya ta ƙarshe. Wanda ya manta inda ya mayar da ajiyarsa, ya rubuta Manifest.db a akwatin bincike, ya sa a laluba duk rumbunan kwamfutar har da na waje. Kada a sauya sunan kowane fayil a ciki, kada kuma a cire wasu a bar wasu, domin ajiyar ba ta dawowa sai da cikarta. Haka nan ajiyar da aka yi da sabon iOS ba ta shiga wayar da ke kan tsoho, sai an sabunta wayar tukuna.

Samsung, Tecno, Infinix da itel

Masu Samsung da suka yi amfani da Smart Switch za su sami ajiyarsu a Documents\Samsung\SmartSwitch, idan ba a sauya wurin a saitin manhajar ba. Abin da ke yawan ɓatar da ita shi ne OneDrive, wanda kan mayar da foldar Documents ƙarƙashinsa. Don haka a duba Documents da ke cikin OneDrive ma.

Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, su ne suka fi yawa a hannun 'yan kasuwar Arewa, kuma galibi da hannu ake kwafe su ta kebul. Irin wannan ajiya tana duk inda mai kwafin ya sa ta. Ana gano ta da sunayen foldojin waya: DCIM ta hotuna, Download ta takardun da aka sauke. Lambobin waya kuma suna cikin fayil mai ƙarewa da .vcf, idan an fitar da su kafin kwafin.

WhatsApp yana da nasa tsarin. Daga Android 11 zuwa sama foldarsa tana cikin Android\media\com.whatsapp, ta WhatsApp Business kuma tana cikin com.whatsapp.w4b. Hotuna da saƙonnin murya suna cikin Media, ana kuma iya buɗe su a kwamfuta. Rubutattun hirarraki suna cikin Databases, a fayil mai farawa da msgstore, wanda yake a kulle, ba ya karantuwa a kwamfuta, ba ya kuma komawa waya sai da lambar da aka yi shi da ita. Ɗan kasuwar da ke riƙe da layin Najeriya da na Nijar ya tabbatar da layin da WhatsApp ɗinsa yake kai. Idan layin ya ɓata tare da wayar, dawo da shi ne aikin farko, kuma a Najeriya hakan na buƙatar lambar NIN da aka haɗa layin da ita.

Idan an goge ta da gaske

A fara da kwandon shara na kwamfuta, wato Recycle Bin, ko Corbeille a Windows na Faransanci. Folda mai girma sosai takan wuce kwandon, Windows ya goge ta kai tsaye bayan gargaɗi. Idan an sabunta Windows ba da daɗewa ba, a nemi foldar Windows.old a rumbun C, inda tsofaffin foldojin masu amfani kan saura. Windows kan share ta da kansa kwana 10 bayan sabuntawa, don haka ba a jinkiri. Mai Mac da ya kunna Time Machine, ko mai Windows da ya kunna File History a kan foldar da abin ya shafa, yana iya komawa ranar da ajiyar take nan.

Bayan waɗannan sai manhajojin tono fayilolin da aka goge, irin su Recuva da PhotoRec. A ɗora su a fulash, a kuma zuba abin da aka tono a wani rumbu na waje. Sun fi yin nasara a tsohon rumbu mai juyawa. A rumbun SSD, wanda ke cikin yawancin sababbin kwamfutoci, akwai tsarin TRIM da ke share gurbin fayil jim kaɗan bayan gogewa. Hotunan da aka kwafa da hannu sun fi saurin dawowa, domin kowane hoto fayil ne mai zaman kansa, alhali ajiyar iPhone dubban gutsattsari ce da ke buƙatar juna.

Kalmar sirri da wurin mai gyara

Ajiyar iPhone da aka kulle da kalmar sirri ba ta buɗuwa sai da ita, Apple ma ba ya iya buɗe ta. Wannan kalma daban take da lambar buɗe waya da kalmar Apple ID, ko da yake wasu kan maimaita guda ɗaya, don haka yana da kyau a gwada tsofaffin kalmomin da aka saba amfani da su. Daga iOS 11 ana iya sake saitin waya domin a yi sabuwar ajiya da sabuwar kalma, amma tsohuwar ajiyar tana nan a kulle.

Idan ta kama a kai kwamfutar wurin masu gyara, a Katsina ko a kasuwar Farm Centre da ke Kano, a gaya musu ƙarara cewa bayanai ake nema, a kuma nemi su kwafi rumbun gaba ɗaya kafin su taɓa komai. Ajiyar da ba a kulle ba tana ɗauke da saƙonnin banki da hotunan iyali, saboda haka ya fi dacewa a yi aikin a gaban mai ita.

Bayan an samo ajiyar, a kwafe ta a rumbun waje, a sa wa foldar da aka zuba ta a ciki sunan wayar da kwanan wata, a ajiye rumbun a wani wuri daban da kwamfutar. A rubuta kalmar sirri a takarda, a adana ta tare da takardun gida ko na shago. Duk ƙarshen wata a sake ajiya, a kuma buɗe manhajar a tabbatar ranar da take nunawa ta yi daidai da ranar da aka yi aikin.