Barack Obama a Majalisar Dattawan Jihar Illinois

Barack Obama ya wakilci mazaɓa ta 13, da ke kudancin birnin Chicago, a Majalisar Dattawan Jihar Illinois ta Amurka daga 1997 zuwa 2004, a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat.

Shigarsa majalisar ta zo da taƙaddama. A zaɓen fid da gwani na 1996 ya ƙalubalanci sa hannun magoya baya da abokan takararsa suka gabatar, har da na Alice Palmer mai riƙe da kujerar, aka cire sunayensu, ya rage shi kaɗai. Ya lashe babban zaɓen, ya sake cin na 1998, sannan na 2002 ba hamayya. A tsakani, a 2000, ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta tarayya, Bobby Rush ya kayar da shi da ƙuri'u kusan ninki biyu.

Aikinsa mafi nauyi shi ne dokar 2003 da ta wajabta ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi da kisan kai, kariya ce ta gaske ga wanda za a iya tilasta wa amsa laifi. Ya ajiye kujerar a Nuwamban 2004, bayan an zaɓe shi sanatan tarayya.