Sana'ar mata: me ke sa su shiga, wa ya kamata ya tallafa musu, kuma ina za su samo jari na halal?

Tambaya: Ni matar aure ce da 'ya'ya huɗu. Ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, amma kullum jarin sai ya karye saboda cefane da bashin da maƙwabta suke ɗauka. Wasu sun ce in shiga rukunin mata masu karɓar rance a ƙaramin banki, ana biya duk mako da ƙari a kai. Shin ya halatta? In bai halatta ba, ina mafita?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yar'uwa, tambayarki ta mata da yawa ce, saboda haka za mu faɗaɗa amsar yadda su da mazajensu za su amfana.

Asalin hukuncin

Ki sani neman halal ta hanyar ciniki halas ne ga mace kamar yadda yake ga namiji. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka nema, kamar yadda ta tabbatar wa maza. Nana Khadija (Allah Ya ƙara mata yarda) attajira ce mai ba maza dukiyarta su yi fatauci, kuma Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya je Sham da hajarta tare da yaronta Maisara kafin aurensu. Nana Zainab 'yar Jahshu tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Muslim ya ruwaito cewa an saki innar Jabir ɗan Abdullahi, ta so ta fita ta yanke dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya hana ta, Annabi kuwa ya ba ta izini, ya nuna mata cewa wataƙila ta yi sadaka da shi ko wani aikin alheri.

Dukiyar mace tata ce. Sadakinta, gadonta da ribar sana'arta, miji ba shi da ikon taɓa su sai da daɗin ranta. A mazhabar Malikiyya akwai ƙaidi guda: matar aure ba ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta sai da yardar mijinta. Wannan ya shafi kyauta ne da sadaka da ɗaukar lamunin wani. Saye da sayarwa ba sa ciki. Malamanmu sun kuma bayyana cewa miji yana da haƙƙi a kan fitarta daga gida, amma ba shi da ikon hana ta juya kuɗinta a ciniki matuƙar babu keɓancewa da ajnabi kuma haƙƙinsa bai tozarta ba.

Abin da ke sa mata sana'a

Kaɗan daga cikinsu ne suke shiga don son kasuwanci kawai. Mafi yawan waɗanda nake gani larura ce ta tura su: bazawara, matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ko wadda samun mijinta ya daina kai wa ƙarshen wata tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Akwai mai tara wa 'yarta kayan ɗaki, akwai mai neman kuɗin makaranta da na magani, akwai wadda ba ta son ta riƙa miƙa hannu don kuɗin sabulu ko gudummawar biki. Duk waɗannan niyyoyi ne masu kyau. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika Bilal ya tambayo mata hukuncin ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka.

Sai dai kai maigida, ka lura da kyau. Ladan da take samu ba ya sauke maka wajibi. Ci da sha da tufafi da muhalli suna wuyanka ko da matarka ta fi ka kuɗi. A nan ne jarin mata da yawa yake mutuwa. Da zarar ta fara juya ɗan abin hannunta sai ka rage kuɗin cefane, ko ka ce ta ranta maka zuwa Juma'a, Juma'ar kuwa ba ta zuwa. Abin da ka karɓa da sunan rance bashi ne a kanka har ka biya ko ta yafe, kuma yafiyar da aka samu ta hanyar ɗaure fuska da barazanar kishiya ba yafiya ba ce. Tallafin da take buƙata a wajenka bai da yawa: ka sayo mata gyaɗa a kasuwa a farashin sari, ka taimaka mata da lissafi, ka bi mata bashi a wurin mazan da ba za ta iya tunkara ba, ka kuma nemo mata masu saye don kada ta dogara da ɗora wa ƙaramar yarinya talla a tasha da gareji. Illar wannan tallar ga karatun yarinya da tarbiyyarta ta fi ribar da take kawowa.

Me ya sa jari yake musu wuya

Manyan bankuna suna neman jingina, kamar takardar mallakar fili ko gida, kuma mata kaɗan ne suke da ita da sunansu. Laifin wani ɓangare namu ne. Uba ya rasu, a bar gona da gida shekara ashirin ba a raba ba, 'yan'uwa maza suna nomawa suna haya, ita kuwa a ce ai tana gidan miji. Wannan cin haƙƙi ne, kuma da an ba ta kasonta da ta sami jarin da ba sai ta roƙi kowa ba. Sai matsalar rashin rubutu: ba a raba kuɗin sana'a da na miya, ba a san riba ba a san uwa ba. Sai kuma bashin da kika ambata, wanda kunya ke hana mace ta tambaya. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta duk wanda ya ɗauka da ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu rashin kunya a ciki.

Rancen da ake biya da ƙari

A Hausa kalmar riba tana ɗaukar ma'ana biyu, ribar ciniki wadda take halal, da riba da Allah Ya haramta. Don kada su rikice miki zan kira ta biyun kuɗin ruwa. Duk rancen da aka sharɗanta mayar da fiye da abin da aka karɓa, kuɗin ruwa ne, ƙarin ya yi yawa ko kaɗan, banki ya bayar ko maƙwabciya, ko manhajar waya. In aka ba ki naira dubu 50 a kan ki biya dubu 60 a cikin makonni, wannan dubu 10 ita ce abin da aya ta 275 zuwa ta 279 a Suratul Baƙara suka yi gargaɗi a kai. Canza mata suna ba ya canza hukunci. Abin da malamai suka sassauta a kai shi ne ainihin kuɗin takarda da hidima, da sharaɗin kada ya riƙa hawa gwargwadon yawan rance ko tsawon lokacinsa.

Tsarin rukuni da aka ba ki shawara ya shahara ne daga bankin Grameen na Bangaladash, wanda Muhammad Yunus ya kafa. 'Yan rukuni suna tsaya wa juna, in ɗaya ta gaza a matsa wa sauran. Ban da haramcin ƙarin, akwai wahalar da na gani da idona. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa ƙofar masallaci tana kuka, ta sayar da keken ɗinkin da ta ci bashin dominsa don ta cika zubin mako, ga sauran bashin yana kanta. Sana'ar da ribarta ba ta kai ƙarin da ake biya ba, mai rancen take yi wa aiki.

Hanyoyin halal

Ta farko adashi. Mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, cikinsu har da Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin, domin kowa abin da ya zuba yake kwasa ba ƙari. Wasu sun hana. Abin da nake gani ya halatta, amma ki zaɓi uwar adashi mai amana, a rubuta sunaye da jerin kwasa, kuma in kwasarki ta zo ki sa ta a gyaɗa, kada ki sa ta a anko.

Ta biyu, wadda na fi so a raya, ita ce mudaraba, wadda littattafan Malikiyya suke kira ƙiradi. Mai kuɗi ya kawo jari, ke ki kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yarda tun farko, rabi da rabi ko sulusi da sulusi biyu. Misali yayanki ya ba ki naira dubu 200, kika juya aka sami dubu 30 bayan an cire uwar kuɗi, kowa ya ɗauki dubu 15 in a kan rabi kuka shirya. Ba ya halatta ya ce ki riƙa ba shi dubu 10 duk wata ko an samu ko ba a samu ba, domin wannan ya koma rance da ƙari. In aka yi asara ba da sakacinki ba, shi ya yi asarar kuɗinsa, ke kin yi asarar wahalarki, kuma sharaɗin cewa sai kin biya uwar kuɗi yana ɓata yarjejeniyar. Amma in kika ɗiba kika yi cefane ko biki, kin zama mai lamuni. Jarin ya kasance tsabar kuɗi sananne, a rubuta, a sa shaidu, ko da da ɗan'uwanki na ciki ɗaya ne.

Ta uku sayen kaya bashi. Ɗan kasuwa ya ba ki buhun gyaɗa ko injin markaɗe a farashin da ya ɗara na hannu da hannu, ki biya a hankali. Jumhurun malamai sun halatta, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki kuma kada a ƙara komai in kin yi jinkiri. A kan irin wannan, wato murabaha, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suka fi gina harkarsu a Najeriya, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Kafin ki sa hannu ki tabbatar bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar miki, ki kuma nemi wanda zai karanta miki abin da takardar ta ce game da jinkirin biya.

Ta huɗu zakka da rance mai kyau. Malaman Shafi'iyya, kamar Imam Nawawi, sun ce a ba matalauci mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa da shi. Kai mai fitar da zakka, ka duba: maimakon ka rarraba ta dubu bibbiyu ga mutum ɗari, ka ɗauki mata biyar da suka cancanta ka saya musu hanyar dogaro da kai. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano wuri ne da za ki iya kai buƙatarki, haka kwamitin masallacin unguwarku.

In kuwa kin riga kin karɓi rancen mai ƙari kafin ki san hukunci, ki tuba, ki gaggauta biya, ki nemi su yafe ƙarin in za su yarda, kada ki karɓi zagaye na gaba ko da sun ninka miki adadin.

Wallahu a'alam.